Tabo Uku a Dantsen Kaka

A farkon watan Disamba na 2021 ƙanena ya kira ni da daddare, muryarsa a sama. Yana aiki a wani kamfani mai zaman kansa a Kano, kuma a ranar an liƙa musu takarda a bakin ƙofa cewa duk wanda bai kawo katin allurar korona ba nan da mako biyu, ya zauna a gida babu albashi. Gwamnatin Tarayya ta riga ta fara da nata ma'aikatan tun ranar 1 ga watan: ko kati, ko shaidar gwajin da bai wuce awa 72 ba. Shi kuwa ya ga wani bidiyo a WhatsApp, wata ma'aikaciyar asibiti a Amurka tana cewa tsarin mulki ya ba ta damar ƙin allura saboda addininta.

"Yaya, kai ka iya rubutu. Ka rubuta mini takarda irin tasu, in ce addinina bai yarda ba."

Na ce, "Wane malami ne ya ce maka addininka bai yarda ba?"

Ya yi shiru. Can ya ce shi dai hankalinsa bai kwanta ba, kuma ga mata da 'ya'ya uku, ga kuɗin haya a watan Janairu. Na ce ya ba ni kwana biyu. A cikin kwana biyun nan ban tuna da kowa ba kamar wani tsoho da na sani a Omdurman, ƙanen kakanmu, wanda yake da tabon lamba har uku a dantsensa na hagu.

Kafin in kai mai karatu Sudan, bari in sauke batun Amurka, tunda shi ya rikita ƙanena. Sashen tsarin mulkinsu da ya kare addini da gwamnati yake magana. Ya ɗaure hannun majalisa da gwamna da ɗan sanda, amma bai taɓa mai shago ko mai masana'anta ba. Ko gwamnatin ma bai ɗaure ta tamau ba, domin a 1905 Kotun Ƙoli ta tabbatar da tarar dala 5 da aka ci wani fasto mai suna Henning Jacobson a jihar Massachusetts saboda ya ƙi lambar agana. Abin da ma'aikacin kamfani yake riƙewa a can wata doka ce ta majalisa, ta 1964, wadda aka gyara a 1972. Ita ce ta ce kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya nema wa ma'aikaci sauƙi kan abin da ya shafi addininsa, sai dai in sauƙin zai ɗora wa kamfanin nauyin da ya wuce kima. Ko a Janairun 2022, da Kotun Ƙoli ta dakatar da umarnin gwamnatin Biden na tilasta allura ko gwaji a kamfanoni masu ma'aikata 100 zuwa sama, gwamnati ta hana. Kamfanin da ya ga dama ya ci gaba da sa nasa sharaɗin. Wato matar cikin bidiyon ta kama reshe ne ta ce shi ne gindin bishiya.

Na yi karatu a Khartum daga 2003 zuwa 2007. Kusan duk Juma'a nakan hau mota in haye gadar Farin Nilu in je Omdurman wurin Kaka. Ya bar ƙasar Haɗeja yana ɗan shekara goma sha biyar tare da mahaifinsa, a ƙasa, da jaki ɗaya, da niyyar Makka. Mahaifin wanzami ne, shi ma ya gaje shi, kuma har ƙarfinsa ya ƙare yana da rumfa a gefen babbar kasuwar Omdurman, yana aski yana ƙaho. Hausarsa irin ta da ce, wadda ko a Haɗeja yanzu ba ka ji, gauraye da Larabcin Sudan. Wata rana da zafi ya tuɓe riga yana kwance a gadon igiya, na ga tabon, na tsokane shi.

"Kaka, ashe da gaske ne wanzami ba ya son jarfa? Sai da aka yi maka sau uku kafin ta kama?"

Ya yi dariya har da tari. "Kai, ɗan nema. Kowace da mai ita. Wannan ta Sarki ce, wannan ta auduga ce, wannan kuwa ta Allah ce."

Mutanen Sudan sun san rigakafin agana tun kafin Turawa. James Bruce, wani matafiyi ɗan Sikotlan da ya sauka Sennar a 1772, ya ba da labarin wata al'ada da ake kira sayen agana: uwa takan je gidan da yaro ya kamu, ta ɗaura ƙyalle a hannunsa, a yi ciniki kamar na kasuwa, sannan ta kwance ta ɗaura wa nata ɗan, don ya yi mai sauƙi ya huta. Akwai kuma masu tsaga fata su shafa ruwan ƙurjin. Abin yana da haɗari, domin cutar ce kanta ake dasawa, amma tunanin a gabaci cuta kafin ta zo ba baƙo ba ne a bakin Nilu. Baƙon abu shi ne hannun da ya zo da lamba daga baya, da kuma yadda ya zo.

Akwai wata daidaituwar kwanaki da take ba ni mamaki. Ingila ta wajabta yi wa jarirai lambar agana tun 1853, mutane suka yi ta bore shekara da shekaru, har a watan Agustan 1898 majalisarsu ta yi doka cewa uban da zuciyarsa ba ta yarda ba yana iya zuwa gaban alƙali ya karɓi takardar yafewa. Bayan mako uku, ranar 2 ga Satumba, rundunar Kitchener ta karkashe Ansaru fiye da 10,000 a filin Karari ta shiga Omdurman. Bature ya bar wa ɗan'uwansa a gida damar cewa a'a, ya zo ƙasar da ya ci da yaƙi yana ba da umarni.

Daga nan Khartum ta zama gidan likitanci na wannan yanki. A 1903 aka buɗe ɗakin binciken cututtuka na Wellcome a cikin Kwalejin Gordon, ƙarƙashin Dakta Andrew Balfour, wanda ya kafa rundunar yaƙi da sauro a birnin. Dakta John Christopherson, wanda ya fara da yaƙar agana a Omdurman, shi ne ya gano a asibitin Khartum cewa wata allura mai guba a cikinta tana kashe tsutsar tsargiya, ya buga sakamakon a 1918. A 1924 aka buɗe makarantar likitoci ta Kitchener, bayan 'yan shekaru kuma aka gina ɗakin bincike na Stack, inda daga baya ake haɗa ruwan lambar agana a cikin gida. Dakta Mansur Ali Hasib, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci wurin, a kan wannan aiki ya yi suna. Ba na raina aikin mutanen nan, ya ceci rayuka masu yawa. Amma duk wanda ya karanta tarihin zai lura cewa a idon hukuma mutanenmu, waɗanda ake kira Fallata ko Takari, ƙofar shigowar cuta ne. Lokacin da zazzaɓin ƙwarƙwata ya shigo Darfur daga yamma a 1926 ya kashe dubbai, wannan zato ya ƙara ƙarfi.

Tabon farko a Jinaina aka yi wa Kaka shi, a bakin iyaka. Ya ce mahaifinsa da sauran manyan ayari sun zaga ta daji da dare don kada su bi ta wurin duba mutane. Shi kuwa da safe aka aike shi kasuwa sayen gero, wani dogari ya damƙe shi, aka ja shi gindin bishiya aka tsaga masa hannu, ba wanda ya tambaye shi ko sunansa. Da ya koma yana kuka, uban ya duba, ya ce aikin ma bai yi kyau ba, da shi aka ba askar da ya fi su iyawa, sannan ya wanke wurin da ruwan rubutu.

Na tambaye shi dalilin zagayen. Ya ce in tuna su waye suka buɗe hanyar. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Mutanen da suka bar gida don kada Nasara ya mulke su, yaya za su miƙa masa hannu ya sa musu abin da ba su sani ba? Sai dai Kaka ya ce bai taɓa jin wani malami a ayarinsu ya buɗe littafi ya ce lamba haramun ce ba. Abin da ake faɗa shi ne ana ƙirga mutane don haraji, ana tsare su kwanaki guzuri ya ƙare, wasu kuma suna cewa ana rage wa maza ƙarfi. Wannan ta ƙarshe na ji ta da kunnena a Kano bayan shekara sittin, ko harafi ba a canja ba.

Tabo na biyu shi ya fi kusa da matsalar ƙanena, don a wurin aiki aka yi shi. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sennar, aka buɗe gonakin auduga na Jazira tsakanin Nilu biyu, kudu da Khartum, da faddan 300,000 a farko. Masu hannu uku ne. Gwamnati ta gina madatsa da manyan magudanai. Wani kamfanin Ingila mai zaman kansa, Sudan Plantations Syndicate, mai hedikwata a Barakat kusa da Wad Madani, shi ke tafiyar da noma da gurzar auduga da sayarwa, har zuwa 1950 da gwamnati ta karɓa. Sai manoma 'yan haya, kowa da hawasharsa, wato yankin gonar da aka ba shi. Su ukun nan suke raba riba. Mai tsinkar auduga, wanda sau da yawa Bahaushe ne ko Babarbare ko mutumin Darfur, ba ya cikin rabon. Manomi ne ya ɗauke shi, ana biyansa gwargwadon abin da ya tsinka, yana kwana a bukkokin bayan gari da ake kira kambo.

Likitocin gwamnati sun ji tsoron kada ruwan magudanai ya zama gidan tsargiya kamar yadda ya faru a Masar. Saboda haka leburorin Masar da aka kawo aikin madatsa ana tsare su a Wadi Halfa a duba su, masu cuta a yi musu magani ko a mayar da su. Daga baya aka kafa irin wannan shinge a Kosti, inda masu zuwa daga yamma suke haye Farin Nilu. Wanda aka samu da tsargiya sai ya zauna makonni ana yi masa allurar Christopherson a jijiya, mai sa amai da tari. Wannan magani ne, ba rigakafi ba, amma sharaɗin iri ɗaya ne da na takardar da aka liƙa wa ƙanena: ba allura, ba aiki. Mutane suka riƙa haye kogi ta wasu mashigai. Auduga kuma ba ta jiran likita, in ta buɗe a watan Janairu dole a sami hannu, kuma da kasuwar duniya ta faɗi a farkon shekarun 1930 manoma da yawa suka watsar da gonaki, mutanen yamma ne suka riƙe su. Shingen bai daɗe ba aka sassauta shi.

Kaka ya zo bayan wannan zamani, amma ya ga irinsa. Wata shekara agana ta ɓulla a wani kambo kusa da nasu ana tsakiyar tsinka, mai lamba ya zo da ɗan sanda. Kowa ya san cewa bayan mako guda hannu zai kumbura, zazzaɓi ya kwantar da mutum kwana biyu ko uku. Manomin da suke wa aiki, in ji Kaka, da kansa ya zo da asuba ya ce su shige cikin dawa su ɓuya har mai lamba ya wuce.

"Ka ga mai gona ya fi mu ƙin allura," ya ce. "Mu hannunmu muke ji, shi buhunsa yake ji."

Kaka ya ƙi ɓuya, don ya ga gawar yaro a wancan kambon. Ya sha zazzaɓinsa, kwanakin da bai fita ba kuwa ba a biya shi ko kobo ba. Mahaifinsa ya ɓuya. Agana ba ta taɓa kama tsohon ba har ya mutu. Zazzaɓin cizon sauro ne ya ɗauke shi a Jazira, bai ga Makka ba.

Ban ga wurin da addini ya shiga wannan ciniki ba. Abin da ya kare lebura a Jazira, in ya karu, ƙafarsa ce da kuma buƙatar da ake da ita gare shi. Ranar da hannu ya yi ƙaranci, doka ta yi laushi. Ranar da hannu ya yi yawa, ko ba allura ana iya korarka.

Akwai ma wani nau'in mai ba da aiki da lauyoyin Amurka ba su yi tunaninsa ba. Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahadi da aka haifa a 1885 bayan rasuwar ubansa, ya mayar da tsibirin Aba babbar gonar auduga, ya zama ɗaya daga cikin attajiran ƙasar, da gidansa da ofishinsa a Omdurman da Khartum. Dubban masu yi masa noma Ansaru ne daga yamma, cikinsu har da Fallata, kuma da yawa suna aikin ne don neman albarka, abinci da sutura su ne ladansu na duniya. A irin wannan wuri, wa lebura zai kai wa ƙarar cewa aiki ya taɓa addininsa, alhali mai gonar shi ne limaminsa? Ina kawo wannan ne don mu a Arewa mun san irinsa. Yaron shago da almajirin gona da direban Alhaji ba su da wata takarda tsakaninsu da maigida, sai kunya da biyayya.

Tabo na uku a Sawakin aka yi shi, a 1955, shekara goma sha huɗu bayan barinsa gida. Tun yarjejeniyar kiwon lafiya ta ƙasa da ƙasa da aka sa wa hannu a Faris a 1926 aka ƙara tsaurara sharuɗɗan tafiyar alhazai, kuma Sawakin ita ce ƙofar Sudan zuwa Jidda. A nan ake killace maniyyata, a yi musu lambar agana da allurar kwalara, su biya kuɗin karantina, su ajiye kuɗin dawowa, in sun dawo kuma a sake tsare su. Bayan annobar shawara ta 1940 a duwatsun Nuba, wadda ta kama mutum fiye da 15,000 ta kashe wajen 1,500, allurar shawara ma ta shigo lissafi. (Ita wannan allura, da Max Theiler ya haɗa a 1937, asalinta daga jinin wani mutumin Gana ne mai suna Asibi da aka ɗiba a 1927. Sunan dai ya yi kama da na gida.)

Mutanenmu da yawa ba su bi ta Sawakin ba. Sukan sauka gaɓar teku da dare, ko su gangara Masawa, su shiga kwalekwalen Larabawa da ake kira sambuk. Wasu sun isa. Wasu an sauke su a wani tsibiri ko wata gaɓa an ce musu Hijaz ce, wasu kuma 'ya'yansu suka faɗa hannun masu sayar da bayi, don Saudiyya ba ta haramta bauta ba sai 1962. Kaka yana da aboki, mutumin Gumel, da suka yi tsinka tare shekara shida. Ya ce kuɗin karantina ya yi yawa, ya bi sambuk. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Na ce, "Kaka, ita ta Sawakin ba ka ji tsoro ba?"

Ya ce, "Abokina, na taka daga Haɗeja zuwa bakin teku, na binne ubana a hanya, sai ɗan tsinke ne zai tsaya tsakanina da Ka'aba? Ni na miƙa hannu tun kafin a kira ni."

Wannan shi ne abin da tarihinmu ya bambanta da na matar cikin bidiyo. A wurinta addini ƙofar fita ce daga allura. Mu kuwa fiye da shekara ɗari addini ne yake kai mu gaban mai allura, domin rukuni na biyar yana bayan shingensa. Har yau haka ne. Bayan sanƙarau ya ɓarke a hajjin 1987, ya bi alhazai gida har ya yi ɓarna a Khartum a 1988, Saudiyya ta wajabta allurarsa, kuma duk Alhajin Kano ya san katin nan mai ruwan ɗorawa. Hajjin 2021 mutum 60,000 kacal aka bari, duk mazauna ƙasar, duk masu allurar korona. Malamai kuwa suna da abin dogaro tun zamanin Sayyidina Umar, wanda ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can.

Saura tsarin mulki. A zamanin da ake tsare mutane a Kosti babu shi sam, Gwamna Janar ne doka. Na wucin gadi ya zo da 'yancin kai a 1956, ya yi maganar 'yancin addini. Amma dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Duba wannan rana da kyau: ta riga Burmi, ta riga Mai Wurno, ta riga Jazira. Da alƙalami ɗaya aka bar yawancin Hausawa a waje, sai a shekarun 1990 aka matso da ranar zuwa 1956. Unguwar Ishash Fallata da ke kudancin Khartum, wadda duk ɗan Arewa da ya je birnin a da ya sani, an tashe ta a farkon waɗannan shekaru. Dokar ƙwadago ta 1997 kuma ta cire masu aikin gida da yawancin leburorin gona da masu aikin yini daga kariyarta, su ne kuwa sana'o'in da mutanenmu suka fi yawa a ciki.

Ina Khartum aka kawo tsarin mulkin 2005, bayan sulhu da Kudu. Na tuna wani malaminmu yana yaba wani sashe nasa da ya bayyana haƙƙoƙin ɗan Adam a matsayin alkawari tsakanin 'yan Sudan su da kansu, sannan tsakaninsu da gwamnatocinsu. A takarda wannan ya fi na Amurka faɗi, don yana iya hawa kan mai kamfani, kamar yadda na Afirka ta Kudu na 1996 ya faɗa ƙarara. Na kai wa Kaka labari da zumuɗi. Ya tambaye ni ko an rubuta cewa za a daina tambayar jikokinsa inda aka haifi kakansu in sun je neman takardar ɗan ƙasa. Ban da amsa. Lokacin da korona ta zo kuwa, an riga an maye gurbin wancan tsarin mulki da takardar 2019, kotun tsarin mulki ta zauna babu alƙalai tun farkon 2020, sojoji kuma suka yi juyin mulki ranar 25 ga Oktoba 2021. Cutar ta kashe Sadiƙul Mahadi, jikan Sayyid Abdurrahman, a Nuwamban 2020, aka binne shi a Omdurman. Allurar farko, fiye da 800,000, ta sauka filin jirgin Khartum ranar 3 ga Maris 2021 aka fara da ma'aikatan lafiya. Damuwar yawancin mutane a can ita ce samun allurar da samun burodi.

Ba zan ɓoye wani abu da ya yi mini ciwo ba. A 2003 Kano ta dakatar da allurar shan inna, ba a dawo da ita ba sai Yulin 2004. A tsakanin nan cutar ta bi tsohuwar hanyar alhazai, ta Chadi, ta ɓulla a Darfur a 2004 bayan Sudan ta yi shekara uku ba ta ga ko ɗaya ba, ta kai Khartum da Fot Sudan, ta haye teku zuwa Yaman har Indunusiya. Wani ɗan ajinmu ya ce mini a mota, cikin wasa mai cizo, Fallata sun sake kawo tsaraba. Na ji haushi, amma ban iya ce masa ƙarya yake ba. Na kuma san inda tsoron Kano ya samo asali. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara 200 a Kano, 11 suka mutu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Ƙanena yana firamare a lokacin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ba na ganin wautarsa.

Da kwana biyun suka cika na kira shi. Na ce ba zan rubuta cewa addini ya hana ba, don ni da shi mun san bai hana ba, kuma jingina wa addini abin da bai faɗa ba ya fi allura haɗari. Na gaya masa cewa sashe na 38 na tsarin mulkinmu ya kare addini, amma sashe na 45 ya ba da damar taƙaita shi da doka saboda lafiyar jama'a. Gaskiya ne a 2001, a shari'ar Dakta Okonkwo, Kotun Ƙoli ta ce baligi mai hankali yana iya ƙin ƙarin jini saboda imaninsa, sai dai wancan jikinsa kaɗai abin ya shafa, kuma hukuncin bai yi wa kowa alkawarin albashi ba. Kotun Ma'aikata tana da hurumin jin ƙarar wanda aka kora ba bisa ƙa'ida ba, amma kafin a yanke hukunci mai gidan haya ya daɗe da fitar da kayansa.

A ganina kamfanin ma ya wuce gona da iri. Gwamnati da kanta ta bar ƙofar gwaji, su sun rufe. Don haka na rubuta masa wata takarda daban, mai buƙatu uku: a karɓi gwaji kamar yadda gwamnati take karɓa, a kawo likita ya zauna da ma'aikata ya amsa tambayoyinsu da Hausa, kuma wanda allura ta kwantar kwana ɗaya ko biyu kada a yanke masa albashi. Ta ukun saboda Kaka na sa ta. Na ce kada ya kai shi kaɗai, ya nemi abokan aikinsa su sa hannu. Mutum arba'in da wani abu suka sa.

Ba a ba su amsa a rubuce ba. Mako biyu suka wuce, aka ƙara biyu, oda ta yi yawa a ƙarshen shekara, ba a kori kowa ba. Takardar bakin ƙofa ta zauna har rana ta cinye rubutun. Shi kuwa ƙanena, da azumin 2022 ya matso surukinsa ya biya masa Umra, da ƙafarsa ya je asibitin unguwa ya bi layi, har yana yi mini ƙorafin cewa sun ce sai ya jira makonni kafin ta biyu.

Kaka ya rasu a 2009, an binne shi a Omdurman. A watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, kuma cikin kwana goma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa mayaƙa sun mamaye babban ɗakin binciken lafiya na ƙasa, wato tsohon Stack, inda ake ajiye ƙwayoyin ƙyanda da shan inna da kwalara, sun kori ma'aikata. Bayan wata guda wani jikan Kaka ya same ni a waya daga Wadi Halfa, inda ya kwana ashirin a layin bizar Masar da matarsa da jariri. Hausarsa ta karye, rabi Larabci. Ya ce in Masar ta ƙi, suna tunanin juyawa yamma, ta Chadi. Yana tambaya ko a gida akwai wata takarda, ko ta haraji ce, da ta nuna an haifi Kaka a ƙasar Haɗeja. Na kira duk dattawan da suka rage a gidanmu. Babu wanda yake da ita.